Dalhatu Mai Awo da Shanun Dama Biyu

Dalhatu, mai awon hatsi a kasuwar Sabon Birni, mutumin Unguwar Lalle ne, kuma bana yake cika shekara arba'in da shida. Na san shi tun yana aji uku na firamare, lokacin da nake koyarwa a garin nasu, inda kuma na ci gaba da zama bayan na ajiye aiki. Allah ya ba shi ƙwaƙwalwar da ba kasafai ake samun irinta ba. Na taɓa karanta wa aji sunayen ƙasashen Afirka da manyan biranensu sau ɗaya tak, washegari ya miƙe ya jero su bai tsallake ko ɗaya ba, har da wurin da na tsaya na yi tari. Na sa rai zai zama alƙali ko likita. Sai mahaifinsa ya rasu yana aji shida, ya bar masa gona biyu, da tiyar awo guda, da ƙanne huɗu. Karatu ya tsaya nan. Ban taɓa ganin laifinsa a kan wannan ba. Laifin da nake gani shi ne tarkacen da ya zuba a cikin wannan kyakkyawar ƙwaƙwalwa daga baya.

Kafin in faɗi aibinsa wajibi ne in faɗi alherinsa. Dalhatu ba ya tauye awo. Ba ya cusa babban yatsa a cikin tiya in yana sayarwa, ba ya danna hatsi in yana saye. Shi ya riƙe ƙannensa har kowa ya kama gabansa. Matarsa Mairama ita ma ɗalibata ce, mace mai ƙarancin magana da yawan aiki, kuma 'ya'yansu shida. Awo na ranar kasuwa ne kawai; abin da gidan yake ci daga gona yake fitowa. Babbar gonarsu tana can kan hanyar Tsamaye, kuma shekara huɗu ke nan ba wanda ya taka ta saboda halin da dajin yake ciki. Saura ƙaramar da ke bayan gari. Da ita mutum takwas suke rayuwa daga kaka zuwa kaka.

A wajenmu ba kowane magidanci ne yake iya mallakar shanun huɗa biyu ba, saboda haka akan haɗa. Wannan ya kawo sa ɗaya, wancan ya kawo ɗaya, a ɗora musu karkiya guda a wuya, a huɗe gonar wannan yau, ta wancan gobe. Abokin haɗin Dalhatu shi ne Is'haƙa, ɗan gwaggonsa. An haifi Is'haƙa a wani ƙauye kusa da Tsibiri, cikin Nijar, inda gwaggon ta yi aure. Da mijinta ya rasu ta dawo gida da shi yana saurayi. Ya haura shekara ashirin a cikinmu, a nan ya yi aure, a nan ya haifu, amma in ana maganar ƙwallo to shi ɗan Nijar ne har gobe. Su biyun taubasai ne, ɗan namiji da ɗan mace, kuma kowa ya san hukuncin taubasai: duk baƙar maganar da ɗaya ya yaɓa wa ɗaya wasa ce, ba a riƙe ta, ba a kwana da ita.

San Dalhatu fari ne, ƙato, mai gajerun ƙahoni, ana ce masa Bokolo. Na Is'haƙa ja ne, siriri, irin shanun arewa, ana ce masa Jatau. Tare aka hore su tun suna ƙanana, Bokolo a dama, Jatau a hagu. Sa kuwa in an hore shi a gefe guda, a nan yake son tafiya har ya tsufa. Damina bakwai suka yi tare, kunyoyinsu miƙaƙƙu kamar an ja layi a kan allo. 'Yar gonata tana jikin ta Dalhatu, kuma kowace shekara in sun gama nasu sukan huɗe mini ita ba tare da na roƙa ba. Don haka abin da za ni faɗa a kan idona ya faru.

Tun da aka buɗe gidan kallo a garin, kuma waya ta shiga aljihun kowa, Dalhatu ya sami abin haddacewa. Ya san 'yan wasan Najeriya ɗaya bayan ɗaya: shekarun kowa, tsawonsa, ƙafar da yake bugu da ita, ƙungiyar da ta ɗauke shi a Turai, da gwiwar da take yi masa ciwo. Na Nijar ma ya haddace su, ba don ƙauna ba, sai don ya ji daɗin rushe su. Na taɓa tambayarsa ajin da 'yarsa Sadiya take. Ya ce aji huɗu. Tana aji shida.

Bara, wata ranar kasuwa, ana saura kamar mako uku damina ta faɗi, na je rumfarsa sayen gero. Na tarar da magidanta sun fi goma a tsaitsaye, wasu da furfura a gemu, sun kewaye faifai guda. A kan faifan Dalhatu ya jera farin wake ƙwaya goma sha ɗaya a gefe ɗaya, soyayyar gyaɗa ƙwaya goma sha ɗaya a ɗaya gefen. Wake su ne Najeriya, gyaɗa su ne Nijar. Is'haƙa yana zaune a kan buhun dawa yana murmushi.

"Matso nan, ɗan mace, in auna ma ƙasarku," in ji Dalhatu.

"Auna, ɗan kawu. Amma yau ka fidda yatsa daga cikin tiya."

"Mai tsaron gida. Namu ƙato ne, in ya buɗe hannu ba ka ganin raga. Naku fa?"

"Namu shina kamawa da hannu biyu kamar kowa."

"Bai kai ba."

Ya ɗauki gyaɗa ɗaya ya jefa a baki. Ya shiga 'yan baya, ya ce nasu kowane kamar ƙofar gari yake, ya tauna huɗu a jere. Ya shiga 'yan tsakiya ya tauna uku. Jama'a suna ta shewa kamar an ci gari da yaƙi.

"Wai don Allah," in ji Is'haƙa, "mi ya sa kullum namu ne gyaɗa?"

"Don su ake ci."

"A'a. Ka sa naku ɗanyen wake don ka san ba mai iya tauna shi. A jiƙa su kwana guda ka ga yadda za su kumbura su yi tsami. Naku kowa daga wata ƙasa shike tahowa, sai a filin jirgi suke gaisawa. Namu tare sunka tashi. Wanga ya san inda wancan zai tsaya ko ido rufe."

"Ƙarfi ɗaya-ɗaya ake aunawa," in ji Dalhatu. "Goma sha ɗaya masu ƙarfi sun fi goma sha ɗaya marasa ƙarfi. Ko ba haka ba, Malama? Ke kika koya muna lissafi."

Na ce masa ni gero na zo saye, kuma na jima a tsaye. Amma tun da ya sa ni a ciki, sai na tambaye shi ranar da za a yi wannan wasa. Dalhatu ya sosa ƙeya.

"Ba a sa rana ba tukuna, Malama. Amma in anka sa..."

Ashe babu wasan ma. Ba a shirya shi ba, ba wanda ya ce za a shirya shi. Magidanta goma sha, da hantsi tsaka, a ranar neman abinci, suna tauna ƙasar maƙwabta a kan faifai saboda karawar da ba ta wanzu ba sai a cikin kawunansu. Na koyar da yara 'yan shekara bakwai tsawon rayuwata, ban taɓa ganin sun ɓata lokaci da irin wannan natsuwa ba.

Ina ɗaure gerona sai Is'haƙa ya saki maganar da ta jawo komai. Ya ce: "Ai 'yan wasanku kamar Bokolo suke. Tsoka da tozo, sai cin harawa. Shekara bakwai Jatau shina jan garma, shina jan Bokolo."

Rumfar ta fashe da dariya. Nasiruddeen, wani bafatake mai kai kaya tsakanin Isa da Maraɗi, wanda bai da abokin goyon Najeriya kamar Dalhatu, shi ma sai da ya riƙe ciki. Da a ce Dalhatu ya rama da wata baƙar maganar, da an tashi lafiya, domin abin da taubashi yake jira ke nan. Amma na ga fuskarsa ta sauya. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga yatsa sama.

"Wallahi, tallahi, Bokolo ba ya ƙara tsayawa kafaɗa da kafaɗa da waccan busasshiyar akuyar Faransa!"

Is'haƙa ya yi dariya, ya ɗauki gyaɗar da ta rage a faifai ya tauna da kansa. A wurinsa wasa ne ya yi daɗi.

Bayan kwana biyu Mairama ta zo gidana. Ta zauna a bakin tabarma ta daɗe tana murza gefen mayafinta kafin ta ce: "Malama, maigidan da gaske shike yi. Ya yi magana da Nasiru." Nasiruddeen yana da wani baƙin sa, ƙato, wanda ɓarayi suka kore abokin haɗinsa shekara guda kafin nan. Dalhatu ya shirya da shi za su haɗa baƙin da Bokolo, domin a cewarsa gari ya ga abin da ƙarfi biyu za su yi in babu rago a tsakani.

Na aika aka kira shi. Ya zo ya durƙusa kamar yadda ya saba, domin ladabi kam yana da shi. Na tuna masa cewa rantsuwa irin wannan tana da kaffara: ya ciyar da miskinai goma, in bai da hali ya yi azumin kwana uku, magana ta wuce. Na tuna masa cewa gona ɗaya ta rage masa.

"Malama, ba za ki gane ba," ya ce, kansa a sunkuye. "Ba ni kaɗai ya zaga ba. Najeriya ya zaga gaban mutane."

Na tambaye shi wanne ne daga cikin waken nan goma sha ɗaya ya san akwai wani gari da ake kira Unguwar Lalle. Ya yi murmushi irin na wanda yake haƙuri da tsohuwa, ya yi mini sallama ya tafi.

Ruwan shuka ya sauka wata Laraba da la'asar, ruwa mai kyau wanda ya ratsa ƙasa. Gonakinmu jigawa ne. Laima ba ta wuce kwana biyu, in ta yi yawa uku. Wanda zai huɗa ya shuka to a cikin waɗannan kwanaki ne. Washegari da sassafe na fita da ƙwaryar irina. Na tarar da Dalhatu da Nasiruddeen suna kokawar ɗora karkiya, Bokolo a dama, baƙin a hagu. Mairama da Sadiya suna gefe da nasu irin.

Can sai ga Is'haƙa yana tafe da Jatau, igiya a kafaɗa, kamar kowace shekara. Bai ma tuna da wata rantsuwa ba. Jatau ya zarce kai tsaye zuwa hagun Bokolo, ya tarar da wani a wurin, ya tsaya yana huci. Is'haƙa ya dubi baƙin san, ya dubi yadda yake ta karkata wuya yana tura Bokolo.

"Nasiru, wanga sa naku wane gefe anka hore shi?"

"Dama."

"To ai Bokolo ma dama."

"Gwani ko'ina anka sa shi shina wasa," in ji Dalhatu. Bai ko ɗago kai ba.

Tun da nake da su ban taɓa jin Is'haƙa ya kira shi da sunansa ba sai ran nan. Ya matso kusa, ya sassauta murya.

"Dalhatu, wasa nike. Taubashinka ne ni. In ban zage ka ba wa za ni zaga? Kwance shi mu kama aiki, ƙasa tana shanyewa. In don rantsuwa ce, ni za ni ciyar da miskinan."

"Yau kana benci, ɗan mace. Zauna ka kalli manya."

Nasiruddeen ya ƙyalƙyale da dariya. Is'haƙa ya juya. Sai da ya ja Jatau da ƙarfi, domin san yana ta waiwaye.

Abin da ya biyo baya ban so in tuna shi. Baƙin yana neman dama, Bokolo yana riƙe da dama. Wannan ya tura, wancan ya tura, garma tana ta yawo a bayansu kamar maye. In sun kai ƙarshen kunya, maimakon ɗaya ya tsaya ɗaya ya zagayo, sai duka biyun su juya lokaci guda karkiya ta murɗe. Aka sauya musu gefe, aka mai da Bokolo hagu, sai shi kuma ya shiga yin abin da baƙin yake yi. Kafin azahar sun yi kunya biyar, kowace kamar sawun maciji a rairayi. Masu wucewa suna tsayawa suna kallo.

Mairama ta matsa ta ce a hankali: "Maigida, a bar shanun nan mu shuka da sungumi, huɗar ta zo daga baya."

"Don Is'haƙa shi ji shi ce mun kasa? Ba su saba ba ne. Ko 'yan wasa sai sun yi atisaye."

Rana ta biyu karkiyar ta karye, aka ɓata rabin yini ana sassaƙa wata. Da la'asar baƙin ya gaji da turereniya, ya sunkuya ya soki Bokolo a ƙarƙashin kafaɗa. Bokolo ya ja da baya ya faɗa kan bakin garma, ta yanke shi a ƙafa. Na ga jini a kan farin gashinsa, na ga Sadiya ta rufe fuska da hannu biyu. Nasiruddeen ya kwance sansa ya ce dama yana da tafiya Maraɗi.

A rana ta uku Dalhatu ya ɗauko sungumin da ya raina. Ƙasar ta riga ta bushe sama, sai ɗan sanyi a ƙasa, daidai wanda zai sa iri ya tsiro ya rasa abin sha. Ruwa ya ɗauke kwana goma sha tara. Tsiron ya fito ya ƙone. Aka sake shuka da ruwa ya dawo, amma damina ta tafi da wuri, geron yana tsaka da fidda kai. Gonar da take ba da dami sittin ta ba da goma sha huɗu. A cikin goma sha huɗun ma, tara daga wata kusurwa suka fito, wadda Mairama da Sadiya suka shuka a ɓoye a rana ta biyu, lokacin da maigidan yake wajen masassaƙi. Is'haƙa tun ranar farko ya shuka tasa da sungumi, ya zo da matarsa suka shuka tawa. Bai dubi gonar da ke gefe ba ko sau ɗaya.

Bokolo ya warke amma da ɗingishi, ba ya sake jan garma. Kafin tsakiyar rani rumbu ya nuna ƙasa, aka kai shi wajen mahauta aka sayo hatsi. Sadiya ce ta raka shi har bakin gari, domin ita take ba shi dussa tun tana ƙarama. A wannan makon Is'haƙa ya aiko da dami shida a kan jaki, ya ce a ba Mairama. Bai ce a gai da kowa ba.

Na ɗauka wannan ya isa ya farkar da mutum. Ranar kasuwar da ta biyo bayan sayar da Bokolo na wuce ta rumfarsa, sai na ga faifan yana nan, wake goma sha ɗaya, gyaɗa goma sha ɗaya. Buhun da Is'haƙa yake zama a kai ne kawai babu kowa. Na ji yana gaya wa mutane cewa shanun ba su da laifi, mai riƙe garma ne bai iya ba, kamar yadda mai horarwa yake ɓata ƙungiya mai kyau. Shi ne kuwa ya riƙe garmar. Na wuce na sayi gerona a wata rumfa.

Bana da ruwan shuka ya sauka, Jatau ya sami abokin haɗi. Ba wani ba ne, baƙin san Nasiruddeen ne. Na dama da na hagu, rana ɗaya suka saba. Suka huɗe ta Is'haƙa, suka huɗe ta Nasiruddeen. Dalhatu ba shi da sa, ba shi da bakin roƙo, kuma da ba don Mairama ta je ta durƙusa gaban gwaggo, mahaifiyar Is'haƙa, ba, ban san yadda za ta kasance ba. A safiyar rana ta uku, laima tana gab da ƙarewa, Is'haƙa ya shigo gonar da shanun.

"Ina kwana, Malam Dalhatu," ya ce. "Daga ina za a fara?"

Malam Dalhatu. Haka yake kiransa yanzu, kamar baƙon da suka haɗu a mota.

Kunyoyi suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Mairama da Sadiya suna biye suna shuka da sauri, ba mai ɗaga kai. Ni ina bakin iyaka da ƙwaryata. Dalhatu ya tsaya kusa da ni, hannu a baya, ya daɗe yana kallon shanun. Na ga idonsa ya yi ja, na ce a raina to, yau dai abin ya shiga. Sai ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda za ta kai tsakiyar gona.

"Kin gani ko, Malama? Dubi da kyau. Baƙin nan na Najeriya shi ke jan na Nijar!"

Ya tsaya yana jira a rama. Is'haƙa ya kai ƙarshen kunya, ya zagayo da shanun, ya kafa garma ya kama ta gaba.

Na ɗauki ƙwaryata na bi bayan Mairama, domin akwai sauran rabin gona, rana kuma ta fara zafi.